Waiwaye: Waƙar Mutum Daban, Ra'ayinsa Daban?

A teburin wani mai shayi a unguwar Agege da ke Legas, gardama ta kaure kwanan baya saboda wani yaro ya kunna waƙar Dauda Kahutu Rarara a wayarsa. Wani ɗan Kwankwasiyya ya ajiye kofinsa, ya ce ko a kashe ta ko ya tashi. Mai shayin bai ce uffan ba, ya ci gaba da fifita wutarsa. Wannan gardama ta girmi duk waɗanda ke zaune a bencin.

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa maroƙi na mai kyauta ne. Makaɗan fada sun yi wa sarakuna kirari, ba a tambaye su abin da ke zuciyarsu ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai ɓoye shan ruwansa ba, har a cikin waƙa ya ambata shi. Malamai sun yi tir, amma kaset ɗinsa bai daina juyawa ba a motocin da ke sauke kaya a kasuwar Mile 12 ta Legas. Dattawanmu kan nema masa gafara, sannan su ƙara murya idan kalangu ya ɗauka.

Nan Legas ma an ga haka da Fela Kuti. Yana shan wiwi a fili, ya auri mata 27 a rana guda a 1978, yana sukar malaman Musulunci da na Kirista a waƙoƙinsa. Duk da haka, lokacin da sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta a Fabrairun 1977, ba masu irin aƙidarsa kaɗai abin ya taɓa ba.

Wayar hannu ce ta sauya lissafin. A da, sai dai ka ji mawaƙi a rediyo. Yau ra'ayinsa na shigo maka har ɗaki ta Facebook da TikTok. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowarta a bidiyon mawaƙi ClassiQ. Rarara kuwa, wanda ya yi wa Buhari waƙa a 2015 da Tinubu a 2023, an cinna wa kadarorinsa wuta a Kano bayan zaɓen gwamna na Maris 2023. Wannan zalunci ne, ko da kuwa jam'iyyarsa ba ta yi maka ba.

Amma fa ba kowane ƙorafi ne son zuciya ba. A Yulin 2023 Davido ya wallafa bidiyon wani mawaƙi da ke ƙarƙashinsa, inda aka nuna masu fararen jallabiya suna sallah sannan suka ɓige da rawa. Musulmi suka fusata, ya goge shi. A nan babu batun raba mutum da aikinsa, domin raunin a cikin aikin yake. Wanda ya daina sauraronsa a unguwannin Legas irin su Idi-Araba ko Obalende bai yi tsaurin kai ba, alfarmar sujadarsa ya kare.

A teburin shayin nan, yaron ya sa abin kunne ya ci gaba da sauraro. Ɗan Kwankwasiyyan ya ƙarasa shayinsa, ya biya har da na yaron.