Jarabar intanet da halayen ɗaliban manyan makarantu

Jarabar intanet yanayi ne da mutum ke kasa kame kansa daga amfani da intanet, duk da cewa hakan yana cutar da barcinsa, karatunsa da zamansa da jama'a. Yawan sa'o'i kaɗai ba ya nuna ta, domin ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri kan wuni a gaban kwamfuta lafiya lau. Abin da masana ke dubawa shi ne ƙuncin da ke kama mutum idan data ta ƙare ko caji ya mutu, da yadda yake komawa ruwa bayan ya ƙudurta ragewa.

Masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, Kimberly Young, tana cikin waɗanda suka fara nazarin matsalar a 1996, kuma har yau ana amfani da gwajinta mai tambayoyi 20. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sanya jarabar intanet gaba ɗayanta cikin jerin cututtuka ba. Jarabar wasannin bidiyo ce ta amince da ita a 2019.

Masu bincike kan auna ɗalibai da manyan halaye 5: saurin shiga damuwa, tsari da riƙon aiki, son shiga jama'a, sauƙin kai, da son sabon abu. Biyun farko ne suka fi fitowa fili. Mai saurin damuwa yakan fake da waya don guje wa fargabar jarrabawa ko kaɗaici, shi kuwa marar tsari yakan ɗage karatun yau zuwa gobe har kwanan jarrabawa ya ƙure masa. Sai dai wannan alaƙa ce kawai, ba ta nuna wanne ke jawo wanne ba, domin raba dare a kan waya shi ma yana ƙara damuwa.

A Kaduna, inda Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ke tara dubban matasa, ɗalibi ba zai iya ajiye waya ba, tunda sanarwar lakca da takardun darasi ta zaurukan WhatsApp suke zuwa. Ga kuma datar dare mai rahusa, wadda kan sa a kai asuba ana kallon TikTok a ɗakin kwana, babu idon iyaye. Shi ya sa masu ba da shawara ba sa neman a daina kwata-kwata, sun fi karkata ga ƙayyade lokaci da magance damuwar da ke ƙasa, aikin da ke cikin hurumin cibiyoyi irin su Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa.