Mallakar gida ba ta kore talauci

An daɗe ana ɗauka cewa mai gidan kansa ya wuce a kira shi matalauci, alhali darajar gida tana bin wurin da yake ne. Gidan ƙasa na gado a wani ƙauye na ƙasar Ringim, mai zaure da ɗakuna huɗu, kuɗinsa ba zai sayi ko fili a Nasarawa cikin Kano ba, kuma magada da yawa ne ke da haƙƙi a cikinsa. Ga ɗawainiyar yaɓe kafin kowace damina. Yana damuna a tsallake irin wannan magidanci wajen rabon zakka, rumbunsa kuwa ya ƙare tun bazara, domin a fiƙihu gidan zama ba ya hana mabuƙaci karɓarta.