Binciken asalin gida a ƙasar Zazzau ta hanyar ƙaura da shari'ar gona

Binciken asalin gida, ko bin salsala, shi ne tattara sunayen kakanni tare da sanin inda suka fito, da lokacin da suka iso, da abin da ya taso su. A Zariya da ƙauyukanta aikin yakan fi tsayawa a kan shekarun 1900 zuwa 1960, lokacin da jirgin ƙasa da haraji da 'yanta bayi da aikin tilas suka motsa jama'a ƙwarai. Yawancin mutanen wancan zamani ba su da takardar haihuwa, ƙidayar 1921 da 1931 da 1952 kuwa jimillar kawuna suka bari, babu sunaye. Abin da ya fi riƙe sunan talaka a rubuce shi ne gona da gida: wa ya biya harajinsu, wa ya gaje su, da wa aka yi shari'a a kansu. Saboda haka wanda ya san aikin yakan fara da bin ƙasa, sunaye su biyo baya.

Abubuwan da suka taso mutane

Akwai ƙaurar da ta riga Turawa, kamar ficewar Sarkin Zazzau Makau da jama'arsa zuwa Zuba a lokacin jihadi, wadda ta kai ga kafa tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu. Gidan da ke da dangi a Suleja sai ya fara tantance ko rabuwarsu ta wancan ƙarni ce, domin takardun Turawa ba za su bayyana ta ba.

Turawan Ingila sun kama Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903. A wannan shekara wasu daga garuruwan Arewa suka bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira gabas, waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi suka zarce har Sudan. Ba da jimawa ba aka haɗa garuruwa gunduma-gunduma, aka tura hakimai su bar birni su zauna a ƙasarsu. Kowane hakimi ya fita da barorinsa da malamansa da makaɗansa, shi ya sa za a sami gida a Soba ko Makarfi ko Ikara da tushensa ke Kwarbai ko Unguwar Juma a cikin ganuwa.

Layin dogo ya iso Zariya a 1911. Daga nan aka ja ƙaramin layi zuwa Jos wanda aka rufe a 1957, da wani ta Gusau da ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Sabon Gari ta tashi kusa da tasha don ma'aikatan reluwe da na kamfanoni, akasarinsu daga Kudu, Tudun Wada kuma ta karɓi baƙi 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba. Sayen auduga da injin gurzarta sun jawo 'yan cin rani, wasu suka yi aure suka zauna. A 1929 mishan ta Kirista ta tashi daga birni ta koma Wusasa. Daga 1937 shirin yaƙi da ciwon barci na Anchau ya tayar da ƙananan ƙauyuka daga inda ƙudan tsando ya yi yawa, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. A yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, an ɗebi mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos, abin da dattawa ke kira ɗiban gwamna, wasu kuma suka tafi soja Bama. Gonar wanda ya tafi bai dawo da wuri ba ita ce ta fi zama abin shari'a daga baya.

Sai maganar bauta, wadda ta fi kowace nauyi a baki. Dokar 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne ba bawa ba, ba a kuma soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A tsakani bayi da yawa sun bar rinji, wato ƙauyen gonar da bayi ke noma wa ubangidansu, wasu sun fanshi kansu a gaban alƙali, wasu kuma suka zauna suna noman gonar ubangidan da. Jikokinsu da jikokin mai rinjin sukan ba da labari iri biyu a kan gona ɗaya.

Abin da doka ta ce game da ƙasa

Dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sabunta a 1916, ta sanya ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna a madadin jama'a, mutum kuwa haƙƙin zama da amfani kawai yake da shi. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta bi wannan layi, haka ma dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta ba gwamna ikon ba da takardar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma a karkara. Wannan ya shafi mai bincike ta fuska biyu. Ba zai sami rajistar gonaki mai sunan kowane manomi daga zamanin En'e, wato hukumar sarakuna ta lokacin Turawa, ba, sai a wurare irin su Sabon Gari da aka yanka fuloti-fuloti da lamba. Kuma da yake hukuma ba ta son jin an sayar da ƙasa, cinikin gona yakan fito a bakin shaidu da sunan kyauta ko kuɗin wahalar sharewa.

Fara daga gida

Ana farawa da mafi tsufa, kuma kada a tsallake mata. Namiji yakan jero uba da kaka ya tsaya, goggo ko inna ce za ta faɗi garin da aka auro kowace mata, da ɗakin da kowane ɗa ya fito, da wanda aka ba riƙo. A gana da kowa shi kaɗai tukuna, domin a zaure ƙarami ba ya musa wa babba. Tambayar "Baba, daga ina muka zo?" takan jawo amsar da aka haddace, Borno ko gabas. Wadda ta fi amfani ita ce "wa ya ba kakanmu gonar fadama?" ko "gidan wa ya sauka da ya zo?" Haka kuma a rubuta irin tsagar gidan, da sana'ar gado, da kirarin da maroƙa ke yi masu, da mutanen da suke wasan taubasantaka da su. Gidan da ke wasa da Fulani, kuma fuskokin tsofaffinsa na da zanen Barebari, ya riga ya nuna hanya.

Dattawa ba sa ƙirga da shekarar Miladiyya, don haka ana jingina labari da abin da aka san ranarsa. Sarautar Aliyu ta ƙare a 1920, Dalhatu ya yi zuwa 1924, sai Ibrahim, sai Ja'afaru daga 1937 zuwa 1959, sai Muhammadu Aminu zuwa 1975. Akwai yunwar 1913 zuwa 1914, da annobar marisuwa ta 1918, da husufin rana na 1947, da zuwan Sarauniya Kaduna a 1956. Idan takarda na ɗauke da shekarar Hijira, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622: shekarar 1340 za ta faɗo tsakanin 1921 da 1922.

Bayan haka sai a taka gonar da ƙafa tare da dattijon da ya san iyaka, in da hali da maƙwabcin gona. A lura da shukar iyaka irin su gamba da aduruku da bini-da-zugu, da kufai, da tsohuwar rijiya, da ramukan marina, da kushewa. A tambayi wanda ke kaɗe ɗorawa da kaɗanyar da ke ciki. Idan wani gida ne dabam ke ɗiba duk shekara, akwai alamar gonar ta shigo hannu ne ta aro, mai ita na asali ya riƙe itatuwansa.

Takardu

A cikin gida ana duba bangon Alƙur'ani da gefen littattafan malamai, inda akan rubuta haihuwa da rasuwa da Larabci ko ajami, da adakar tsofaffi inda rasit ɗin haraji da jangali, da takardar sallamar soja, da katin fansho na reluwe ke kwanciya. Rasit ɗaya ya isa ya nuna gundumar da mutum yake da dagacin da yake bi a wata shekara.

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna na riƙe da fayilolin ofishin Razdan na Lardin Zariya a ƙarƙashin alamar ZARPROF, da na sakatariyar Arewa a ƙarƙashin SNP. A ciki akwai rahotannin kimanta haraji na gundumomi, waɗanda ke ba da tarihin kafuwar ƙauyuka da jerin dagatai, da fayilolin rikicin iyaka, da na diyyar filayen da hukuma ta karɓa, da rajistar bayin da aka 'yanta. Gidan Arewa a Kaduna da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello na da rubuce-rubucen hannu da kundayen digiri a kan garuruwa da dama. Ana neman fayil ne da sunan gunduma ko ƙauye ko sarauta, neman sunan talaka a jerin fayiloli ɓata lokaci ne. A kuma gwada rubutu iri-iri, domin Turawa ba su rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma magatakarda biyu kan rubuta ƙauye ɗaya ta hanya biyu. Wanda kakansa ya fito daga Funtuwa ko Bakori ya tuna cewa Katsina ta zauna cikin Lardin Zariya daga 1926 zuwa 1934.

Karanta shari'ar gona

A zamanin En'e rabon gado na wajen alƙali, manyan rigingimun ƙasa kuma sukan kai majalisar Sarki, har zuwa 1967 da aka soke kotunan sarakuna. Takardar rabon gado ita ce mafi daraja ga mai bin salsala, saboda dole ta lissafa matan mamaci da 'ya'yansa maza da mata kafin a fitar da rabon kowa. Sai dai a ƙauye sau da yawa dagaci da dattawa ne ke raba gona ba tare da an je kotu ba, kuma akan bar 'ya'ya mata ba rabon gona, sunayensu su ɓace da su.

A shari'ar gona kowane ɓangare na jero kakanninsa ne don ya ci, saboda haka salsalar da ke cikin da'awa iƙirari ce kawai har sai shaidu sun tabbatar. Abin da ya fi inganci shi ne abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi ba gardama, misali cewa wane ne ya fara sare dajin, ko cewa kakan mai ƙara ya tafi Jos a shekarar kaza. Fikihun Malikiyya ya karɓi shaidar ji a kan nasaba, wato shaida ya ce tun tasowarsa yake jin mutane na cewa wane ɗan wane ne. Kotu ta amince da wannan, amma mai bincike ya rubuta shi a matsayin abin da aka ji.

Hukuncin hauzi ne ke bayyana yadda gonaki da yawa suka sauya hannu. Wanda ya riƙe gona shekara goma, mai ita na gari yana gani bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, ba a sauraron da'awar mai ita. Tsakanin 'yan'uwa wa'adin ya kai shekara arba'in. Hauzi ba ya aiki a kan aro da haya da jingina, ba ya kuma aiki a kan wanda ba ya gari. Shi ya sa rikicin jikoki kusan kullum kan koma ga tambaya guda: da wace fuska gonar ta fara shiga hannu, kuma kakan da ya tafi cin rani ko kuza ya bar ta amana ne ko ya sallama ta? Amsar da shaidu suka bayar takan faɗi shekarar tafiyarsa da garin da ya nufa, abin da babu wata takarda da za ta faɗa.

Inda ake tuntuɓe

Suna shi ne babban tarko. A gida ɗaya ana iya samun Muhammadu huɗu, Lawal da Sani da Salisu da Rabi'u, kuma jika kan ci sunan kaka sai a sakaya shi da Abba ko Baba saboda alkunya. Mutum ɗaya kan fito da sunan yanka a kotu, da laƙabi a rasit, da sunan gari a makaranta. Sunan gari a ƙarshen suna kuwa sau da yawa inda aka ɗauki yaro makarantar boko yake nunawa. Kalmar "ɗan wane" ma takan haɗa ɗan ciki da ɗan riƙo da agola da bara.

Salsalar baka takan haɗiye kakanni na tsakiya. Ta wajen maza akan sami kusan shekara 30 zuwa 35 tsakanin uba da ɗa, don haka jerin da ya kai zamanin Malam Musa, Sarkin Zazzau na farko bayan jihadi, da sunaye uku kacal akwai giɓi a cikinsa. Rahoton Di'o ma ba tsarkakakke ba ne, domin ta bakin tafinta da hakimi ya ji, su kuma suna da nasu muradin.

Tambayar iyaka na iya tayar da rikicin da ya kwanta, musamman a gefen Samaru da Basawa da Shika inda gona ta zama fuloti mai tsada. Ya kamata a sanar da mai unguwa ko dagaci manufar binciken tun farko, kuma a sani cewa kwafin tsohon fayil ba ya zama takardar mallaka, wannan aikin KADGIS ne, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, da kotu. Idan bincike ya kai ga rinji ko rajistar fansa, dattawan gidan ne ke da ikon cewa a bayyana ko a bari.

Wajen rubutawa, kowane mutum a ba shi shafinsa: duk sunayensa, uwa da uba, inda aka haife shi da inda aka binne shi, gonakin da ya riƙe da fuskar da ya riƙe su. A gaban kowace magana a sa wanda ya faɗe ta da ranar da ya faɗa, ko lambar fayil da shafi. Inda ruwaya biyu suka saɓa a rubuta su duka gefe da gefe, a ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, a ajiye kwafi a gidaje biyu na dangi saboda gara da gobara.