Majalisa ta ce a dakatar da ƙarin kuɗin wuta, amma bil bai canza ba: ina ikonta ya tsaya?

Ranar 3 ga Afrilu, 2024 hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya na wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225. Mai injin niƙa da ke loda katin naira 10,000 ya samu yunit kusan 147, sai ya wayi gari kuɗin nan ba ya ba shi fiye da yunit 44, kafin ma a cire haraji. Kafin watan ya ƙare, kwamitin wutar lantarki na Majalisar Dattawa ya zaunar da Ministan Lantarki Adebayo Adelabu ya yi bayani, Majalisar Wakilai kuma ta zartar da ƙuduri cewa a dakatar da ƙarin. Ba a dakatar ba. A watan Mayu farashin ya sauka zuwa naira 206.80, amma hukumar ta danganta ragin da sauyin farashin dala.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan raini ne ga majalisa. A doka dai, ƙudurin zauren Majalisar Dattawa ko na Wakilai shawara ce mai nauyi, amma ba ya soke umarnin da wata hukuma ta bayar bisa ikon da doka ta ba ta. Majalisar ce da kanta ta miƙa wa NERC ikon tsayar da farashi a Dokar Lantarki ta 2023, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta maye gurbin dokar 2005. Dokar ta ce farashi ya ba kamfanin da ke aiki yadda ya kamata damar mayar da kuɗinsa ya ci riba daidai gwargwado. Wanda zai iya soke umarnin hukumar shi ne kotu, ko hukumar da kanta, ko kuma majalisa ta koma ta gyara dokar.

Ikon bin diddigi yana cikin sashe na 88 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Kowane zaure na iya binciken duk ma'aikata, hukuma ko mutumin da aka ɗora wa aiwatar da dokar da majalisa ta yi, ko kashe kuɗin da ta ware. Sai dai sashen ya ɗaure binciken da dalili biyu kawai: don a yi doka ko a gyara kuskuren da ke cikinta, da kuma don a tona cin hanci, sakaci ko almubazzaranci. Kalmar "tonawa" ita ce mabuɗin. Kwamiti yana bankaɗowa, amma gurfanarwa aikin EFCC, ICPC ko Antoni Janar ne, yanke hukunci kuma na alƙali.

Sashe na 89 ne ya ba binciken haƙora. Kwamiti na iya kiran kowa a Najeriya ya ba da shaida, ya rantsar da shi, ya sa shi kawo takardu. Wanda aka kira ya ƙi zuwa ba tare da uzuri mai gamsarwa ba, ana iya fitar da sammacin kamo shi, 'yan sanda su aiwatar. Shi ya sa shugaban kamfanin rarraba wuta, ko da kamfanin na 'yan kasuwa ne tun da gwamnati ta sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamba 2013, ba ya iya cewa majalisa ba ta isa ta kira shi ba, muddin maganar ta shafi lasisi ko kuɗin gwamnati.

Inda majalisa ke da hannu mai ƙarfi, wanda kuma ba a cika kallo ba, shi ne kuɗi. Farashin da 'yan rukunin B zuwa E ke biya bai kai abin da ake kashewa wajen samar da wutar ba, gwamnati ce ta ɗauki alkawarin cike giɓin da tallafi. Sashe na 80 da 81 sun ce ba a taɓa asusun gwamnati sai da amincewar majalisa. Idan aka ware wa tallafin ƙasa da abin da ake bukata, bashi ke taruwa a wuyan gwamnati, kamfanonin samar da wuta su kasa biyan masu sayar musu da gas, gas ya ragu, injina su tsaya, unguwa ta kwana a duhu. Ɗan majalisar da ya ɗaga murya kan farashi a Afrilu amma ya wuce batun tallafin wuta a zaman kare kasafi bai tanka ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Akwai kuma tantancewa. Shugaban ƙasa ne ke zaɓen kwamishinonin NERC, amma sai Majalisar Dattawa ta tabbatar da su. Haka shugabannin hukumomin man fetur biyu da Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa: NUPRC mai kula da haƙo ɗanyen mai, da NMDPRA mai kula da tacewa, jigila da sayarwa. Wannan dokar ce ta ce kasuwa ce za ta tsayar da farashin fetur, don haka tun bayan cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, kiran da 'yan majalisa ke yi a rage farashin lita bai da sashen doka da zai jingina da shi. Abin da za su iya bincika shi ne ingancin man da ake shigowa da shi, yadda ake raba lasisi, da ko wasu 'yan kasuwa sun haɗa baki suna ƙayyade farashi.

Tarihi ya nuna amfanin binciken da kuma rauninsa. Bayan zanga-zangar Janairu 2012 kan cire tallafin fetur, kwamitin wucin gadi na Majalisar Wakilai ya gano cewa tallafin fetur da aka ware wa naira biliyan 245 a kasafin 2011 ya lashe fiye da naira tiriliyan 2, ya kuma gano kamfanonin da suka karɓi kuɗin man da ba su kawo ba. Wannan tonon ya kai wasu kotu. Sai dai shugaban kwamitin, Farouk Lawan, shi ma kotu ta same shi da karɓar cin hanci a kan binciken, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar a 2024. Ban da wannan, abin da ya fi kashe bincike shi ne rahoto ya kwanta ba a kawo shi zaure an amince da shi ba, har wa'adin majalisar na shekara huɗu ya cika. Wata matsalar ita ce lissafin farashin wuta yana ɗauke da farashin gas, canjin dala, hauhawar farashi da asarar wutar da ke zurarewa a layi. Kwamitin da bai ɗauki ƙwararru ba, alƙaluman hukumar da yake bincika kaɗai zai dogara da su.

Yanzu kuma ƙofa ta ƙaru. Gyaran kundin tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon yin dokar wuta ko a wuraren da babban layin ƙasa ya ratsa. Jihar da ta yi dokarta ta kafa hukumarta, NERC na miƙa mata kula da kasuwar cikin jihar. Enugu, Ekiti da Ondo ne suka fara a Afrilu 2024. Daga nan bin diddigin ya koma majalisar dokokin jiha a ƙarƙashin sashe na 128 da 129. Don haka mai ƙorafi a Kano, Katsina ko Jigawa, inda KEDCO ke rarraba wuta, ya fara tambaya ko jiharsa ta karɓi ragamar.

Ga wanda ke da kuka, hanya tana da matakai. Alkawarin rukunin A awa 20 ne a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A sami littafi, a rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, kullum, na tsawon wata guda, tare da sunan layin, lambar mita da rasit ɗin kati. A fara kai wa sashen ƙorafi na kamfanin a rubuce, a karɓi shaidar karɓa. Kamfanin yana da kwanakin aiki 15 ya warware matsalar. In bai warware ba, sai ofishin sauraron ƙorafi na NERC da ke yankin, sannan hedikwatar hukumar. Idan matsalar ta unguwa ce gaba ɗaya, misali an sa layi a rukunin A yana samun awa 11, a rubuta koke da sa hannun mazauna, a ba ɗan majalisar mazaɓa ya gabatar a zaure, domin ta hannun mamba koke ke shiga kafin a tura wa kwamitin koke-koke. A kula: maganar da ke gaban kotu, majalisa ba ta saurarenta, don haka a zaɓi hanya ɗaya tun farko.