Gidan fiza irin na Amurka

Gidan fiza irin na Amurka wurin cin abinci ne da ake gasa fiza bisa salon da ya bunƙasa a biranen Amurka, ana sayar da ita gaba ɗaya ko yanka-yanka, a ci a wurin ko a tafi da ita cikin kwali. Fiza kwaɓin fulawa ne da ake shimfiɗawa ya yi faɗi, a shafa masa markaɗen tumatir, a barbaɗa cuku, a jera nama ko kayan lambu a kai, sannan a gasa a tanderu mai tsananin zafi. Asalinta birnin Napoli ne na ƙasar Italiya, amma wadda ta fi yaɗuwa a duniya yau ta Amurka ce. Ta fi ta Napoli girma da yawan cuku da kayan sama, kuma akasari an yi ta ne don mutum uku ko huɗu su haɗu a kan faranti ɗaya.

Tarihi

'Yan ci-rani daga kudancin Italiya ne suka shigo da fiza Amurka a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Gidan da aka fi ambata a matsayin na farko shi ne Lombardi's, wanda ake cewa Gennaro Lombardi ya buɗe a unguwar Italiyawa ta Manhattan, a New York, a 1905. A 1925 Frank Pepe ya buɗe nasa a birnin New Haven na jihar Connecticut. Duka biyun da kwal suke gashi, shi ya sa fizarsu ke fitowa da baƙin tabo a ƙasa. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu fiza abincin unguwannin Italiyawa ce kawai. Bayan yaƙin ne tanderu mai gas ya yawaita, sana'ar ta yi sauƙin shiga, manyan kamfanoni suka taso kusan lokaci guda: Pizza Hut a Wichita ta jihar Kansas a 1958, Little Caesars a 1959, Domino's a 1960, waɗannan biyun a jihar Michigan. Su ne suka fitar da salon Amurka zuwa sauran ƙasashe. Domino's ya buɗe reshensa na farko a Najeriya a Legas a 2012.

Ire-iren fiza

Wanda zai shiga irin wannan gida ya kamata ya fara sanin wane irin kwaɓi suke yi, domin kwaɓin ne ke nuna abin da fizar za ta iya ɗauka da tsawon lokacin da za a jira ta.

Salon New York shi ne wanda aka fi kwaikwaya. Fiza ce babba, faɗinta yakan kai inci 18, wato kusan santimita 45, ana yanka ta gida takwas. Tsakiyarta sirara ce, bakinta kuma ya ɗan kumbura. Ana kwaɓa ta da fulawa mai ƙarfi irin ta burodi. A kan kowane kilo ɗaya na fulawa akan zuba ruwa gram 600 zuwa 650, gishiri kusan gram 20, mai gram 20 zuwa 30, ɗan sukari da ɗan yis. Gidajen da suka san aikinsu ba sa gasa kwaɓin ranar da aka yi shi. Sukan mulmula shi dunƙule-dunƙule su ajiye a firij kwana ɗaya zuwa uku, domin tashi a hankali cikin sanyi shi ke ba shi ɗanɗano da launi mai kyau, ya kuma sa ya miƙe ba tare da ya yage ba. Da hannu ake buɗe shi, ba a murza shi da muciya, don kada a kashe iskar da ke cikin bakin. Zafin tanderun yakan kai digiri 260 zuwa 300 a ma'aunin Selsiyos, gashin kuma bai cika wuce minti 10 ba. Ta Napoli kuwa zafin da ya haura digiri 430 ake ba ta, ta nuna cikin minti ɗaya da rabi, shi ya sa take da laushi da ruwa-ruwa a tsakiya, yayin da ta New York ke da ƙasa mai ɗan ƙarfi. Cukun da ake sa mata mozarela ce da aka rage wa ruwa, wadda ke narkewa ta yi yauƙi ba tare da ta jiƙa kwaɓin ba. Ana cin yankan da hannu, a naɗe shi biyu a tsaye don kada tsininsa ya lanƙwashe.

Salon Chicago mai zurfi wani abu ne daban. An fara sayar da shi a Pizzeria Uno a 1943. Ana danna kwaɓi mai yawan mai a cikin tire mai zurfin kusan inci 2, a hau da shi har gefe. Jerin kayan a juye yake: cuku a ƙasa, nama da kayan lambu a tsakiya, tumatir a sama. Dalili kuwa shi ne gashin yana ɗaukar minti 30 zuwa 45, kuma da cukun ne a sama da ya ƙone tun kafin kwaɓin ya nuna. Da wuƙa da cokali mai yatsu ake cin ta, kuma yanka biyu kan ƙosar da babban mutum. Mai sauri kada ya yi odarta. Mazauna Chicago su kansu suna yawan cin wata sirara mai ƙaras-ƙaras da ake yankawa murabba'i-murabba'i.

Salon Detroit ya fito ne daga gidan abinci na Buddy's da ke birnin Detroit a 1946. Mai kusurwa huɗu ne, ana gasa shi a tiren ƙarfe, kwaɓinsa mai kauri amma sakayau, kamar gurasar da ta tashi sosai. Ana baza cukun har bakin tiren, sai ya soyu a jikin ƙarfen ya zama ɓawo mai duhu, kuma saboda wannan ɓawon ne masana suka fi son yankan kusurwa. Tumatirin layi-layi ake zuba shi a sama.

A shekarun 1980 jihar Kaliforniya ta fito da salon ɗora abin da ba a saba gani ba a kan kwaɓi sirara. California Pizza Kitchen, da aka kafa a 1985, shi ya shahara da fiza mai gasasshiyar kaza da miyar babakyu, wata miya mai kauri da ake shafa wa gasasshen nama.

Haɗin musamman

A jerin abincin kowane gida akwai sashen haɗin musamman, wato fizar da gidan ya riga ya zaɓa mata kaya ya raɗa mata suna. Wasu haɗe-haɗen sun zama ruwan dare, kusan ko'ina za a same su.

Wadda ake kira Supreme takan ƙunshi feferoni (siraran yankan sarrafaffen nama mai yaji), sosej (niƙaƙƙen nama mai kayan ƙamshi), koren tattasai, albasa, mashrum (tsiron nan mai kama da laima) da baƙin zaitun. Ta masoya nama kuwa nama ne iri uku ko huɗu, ba kayan lambu. Farar fiza ba ta da tumatir sam: man zaitun, tafarnuwa, mozarela da rikota, wani cuku mai laushi da ake ɗiga shi da cokali. Mai kaza da babakyu tana da zaƙi-zaƙi, an maye gurbin tumatir da miyar babakyu, an sa jar albasa. Mai kaza irin ta Buffalo tana da yaji da tsami, ta samo sunanta daga soyayyun fukafukan kaza da aka fara sayarwa a Anchor Bar na birnin Buffalo a 1964. Sai Hawaiian mai abarba da nama, wadda duk da sunanta ba daga Hawaii ta fito ba: Sam Panopoulos ne ya ƙirƙiro ta a lardin Ontario na Kanada a 1962. Akwai kuma wadda ake cusa wa cuku a cikin kumburarren bakin kwaɓinta, wadda Pizza Hut ya fitar a 1995.

Yawan kaya ba shi ne daɗi ba. Kwaɓi sirara ba ya ɗaukar fiye da kaya uku ba tare da ya jiƙe ba, don haka haɗin da ya tara kaya shida ya fi dacewa da kwaɓi mai kauri ko na tire. Hanya mafi kyau ta gane gida a zuwan farko ita ce a yi odar rabi-da-rabi, gefe ɗaya cuku zalla, ɗaya gefen haɗin musamman. A gefen cukun ne za a ji ingancin kwaɓi da tumatir, domin ba abin da ya rufe su. Yawancin gidaje suna yarda da haka, sai dai idan miyar ƙasan ta bambanta, kamar farar fiza da mai tumatir, wasu kan ƙi.

Akwai kuma na musamman ta fuskar farashi. Da rana akan yi rangwamen yanka biyu da lemo, wasu ranakun mako kuma a ce sayi ɗaya a ba ka ta biyu kyauta ko a rabin kuɗi. Yana da kyau a tambayi sharaɗin kafin oda, domin sau da yawa rangwamen na girma ɗaya ne kawai, ko na mai kaya ɗaya, ko na wanda zai tafi da abincinsa.

Kusa da fiza akan sami fukafukan kaza, ƙullin burodi mai tafarnuwa, salak, da kalzone, wato fizar da aka naɗe biyu aka rufe bakinta. A kan teburi kuma akwai busasshen barkono, ganyen oregano, garin tafarnuwa da garin cukun famesan.

Batun naman alade

Ga Musulmi wannan ne abin da ya fi muhimmanci, kuma sunan fizar ba ya nuna shi. A Amurka feferoni haɗin naman alade ne da na sa, in ba a rubuta akasin haka ba. Sosej ɗin Italiya, ham da bekon duk na alade ne. Ke nan Supreme, ta masoya nama da Hawaiian duk suna da alade a yadda aka saba yin su. Mai kaza da babakyu ma wasu gidajen sukan barbaɗa mata bekon. Akwai kuma wata miyar tumatir mai ruwan hoda da ake dafawa da barasar vodka, sunan barasar yakan fito a jerin abinci. Ko an zaɓi mai kayan lambu zalla, a tuna cewa wuƙar yanka guda ce ke bi ta kan kowace fiza. Ba laifi ba ne a roƙi a yanka da wankakkiya, ko a kawo ta ba a yanka ba. Rabi-da-rabi da mai alade ba mafita ba ce, domin kitse yana gangarawa a tanderu. A wuraren da Musulmi ke da yawa, irin su Dearborn a Michigan da wasu unguwannin New York, akwai gidajen halal masu feferonin sa ko na talotalo.

Girma da lissafin kuɗi

A manyan kamfanoni ƙarama inci 10 ce, matsakaiciya 12, babba 14. Bambancin ya fi yadda ido ke gani, domin fili ake ci, ba faɗi ba. Mai inci 14 ta kusa ninka mai inci 10. Mai inci 18 guda ɗaya, da filinta ya kai murabba'in inci 254, ta fi masu inci 12 guda biyu, waɗanda tare suke da 226. Shi ya sa babbar ta fi araha kusan kullum. Akan yi lissafin yanka biyu zuwa uku ga kowane babba.

A Amurka farashin da ke rubuce ba shi ne za a biya ba. Ana ƙara harajin saye a wurin biya a yawancin jihohi, kuma inda aka zauna aka kawo wa mutum abinci, al'ada ce ya bar tukwici na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ga mai hidima. A shagon yanka-yanka kuwa a gaban teburin mai sayarwa ake nuna wadda ake so, a mayar da ita tanderu minti ɗaya ko biyu, a miƙo ta a farantin takarda.

Abin da ke ɓata fiza

Matsalar da ta fi yawa ita ce jiƙaƙƙiyar tsakiya. Mashrum, tattasai, abarba da ɗanyen tumatir duk suna sakin ruwa idan sun ji wuta. Idan ba a tsane su ko an ɗan soya su tukuna ba, ruwan yakan taru a kan kwaɓin. Idan aka ciji yanka aka ga wani siririn layi mai danƙo, launin toka, tsakanin miya da burodi, kwaɓin bai nuna ba ke nan: ko miya ta yi yawa, ko an sa kwaɓin yana da sanyin firij, ko ƙasan tanderun ta huce saboda yawan oda. Wannan na ƙarshen yakan faru a daren Juma'a da Asabar lokacin cunkoso. Ɗaga yanka a duba ƙasansa ya isa a gane. Mai kyau ruwan ƙasa ne da ɗigo-ɗigon duhu, fari fat kuwa bai gasu ba, kuma ana iya cewa a mayar da ita wuta. Mai son ƙaras-ƙaras ya faɗa tun wajen oda cewa a bar ta ta gasu sosai.

Cuku yakan zame gaba ɗaya a cizon farko idan miyar ta yi ruwa ko an ci da zafi. Minti biyu ko uku na jira yana sa ya kama jikinsa, yana kuma kare dasashi da saman baki daga ƙuna, domin miyar da ke ƙarƙashin cuku ta fi saman riƙe zafi. Jan mai da ke taruwa a sama daga feferoni da cuku yake fitowa, ana iya tsane shi da takardar goge hannu. Kwali kuwa yana tara tururi, tururin ya tausasa ɓawon, shi ya sa fizar da aka ci a wurin ta fi wadda aka kai gida. Idan tafiya da ita za a yi, a riƙe kwalin a kwance, kada a rufe shi cikin leda.

Yanka ɗaya na babbar fiza mai cuku zalla yana da kalori kusan 280 zuwa 300, da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, fiye da miligiram 600. Yanka uku sun kusa cinye miligiram 2,000 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba a rana, kuma haɗin masu nama sun fi haka gishiri. Mai hawan jini ya kula da wannan.

Ragowar da aka kawo gida kada ta wuce awa biyu a waje kafin a sa ta a firij, inda za ta iya kwana uku. Wajen ɗumamawa kasko ya fi na'urar maikurowef, wadda ke sa kwaɓin ya yi tauri kamar roba. A ɗora yankan a busasshen kasko a kan wuta matsakaiciya na minti biyu har ƙasan ya yi ƙarfi, a ɗiga ruwa kaɗan a gefen kaskon ba a kan fizar ba, a rufe minti ɗaya don tururi ya narkar da cukun.