Ba a jikin bishiya kaɗai kabon yake ɓuya ba

Jiya a majalisarmu nan Kofar Mata wani abokina ya dage wai in ana maganar ajiye kabon, wato sinadarin nan da ke cikin gawayi da hayaƙi, to bishiya ce kawai, dajin Falgore da ire-irensa, ƙasa kuwa turɓaya ce ba komai a cikinta. Mutane da yawa haka suka ɗauka, kuma gaskiya ba haka abin yake ba.

Eh bishiya na zuƙar iskar kabon ta gina jikinta da ita, kusan rabin nauyin busasshen itace ma kabon ne, shi ya sa masu bincike ke zagaya gangar bishiya da tef a tsayin mita 1.3 su lissafa nauyinta. Amma fa kabon da ke kwance cikin ƙasar duniya ya fi na duk tsirrai da na sararin sama in an haɗa su, ruɓaɓɓen ganye ne da saiwoyi da kashin dabbobi da suka narke a ciki shekara da shekaru. Shi kuma kabon ƙasa in za a auna shi haƙa ake yi, galibi zurfin santimita 30, a busar da samfurin a kai ɗakin gwaje-gwaje.

Ka ɗebi ƙasar fadama a hannunka ka ga yadda take baƙa tana danƙo, sannan ka ɗebi ta jigawa fara sol tana zubewa ta tsakanin yatsu, yawanci ta fadamar ta fi kabon. Kakanninmu da ke loda takin birni a mangala kan jakuna zuwa gonakin karkara ƙasa suke ciyarwa, mu kuma yanzu da an gama girbi sai a cinna wa kara wuta, duk ya tafi sama a hayaƙi.