Waiwaye: Karatun Wasanni a Kwaleji da Inda Yake Kai Ɗan Kabi

Duk shekara idan lokacin cike takardun neman shiga manyan makarantu ya zo, akan sami gida a Birnin Kebbi ko Argungu ko Yawuri inda yaro zai ce shi sashen ilimin motsa jiki da lafiya yake so, mahaifinsa kuma ya dube shi ya ce, "Yanzu kai duk karatun da ke duniya ba wanda ya yi maka sai na guje-guje?" Yaron yana hango kansa cikin rigar Super Eagles, uban yana lissafin kuɗin makaranta na shekara uku da yake ganin za su tafi a banza. A ganina, daga ɗan har uban babu wanda ya gane abin da aka kafa wannan karatu dominsa, kuma sai an koma baya kafin a gane shi.

Ƙasar Kabi ba ta jira boko ba kafin ta san wasa. Da kaka, idan an gama girbi, ana kokawa a dandali, mahauta suna dambe, yara suna langa da farin wata, ƙasar Zuru kuma ta daɗe da yin suna wajen kokawar samari. A Argungu, bikin kamun kifi da aka soma a 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi, yana tafe da kabanci, wato tseren kwale-kwale da ninƙaya da nutso da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Duk waɗannan gwanaye ba a aji suka koya ba. Ɗan kokawa yakan bi ubangidansa gari-gari yana ɗaukar masa kaya har ƙarfinsa ya kawo, ɗan masunci kuma tun yana ƙarami ruwa ya san shi. Abin da suke samu shi ne suna da kirari da kyautar masu hali, ba albashi ba.

Albashi ya shigo harkar wasa ta hannun malamin makaranta. Turawan mulkin mallaka sun kawo fareti da motsa jiki irin na soja, sau da yawa tsofaffin sojoji ne suke koyarwa, suka kuma ware ranar 24 ga Mayu ta zama ranar bikin daular Ingila, inda makarantu ke tsere da tsalle a gaban Razdan da Sarki. Manhajar motsa jiki ta 1933 da aka rubuta wa makarantun Ingila ita aka ɗauko aka yi ta amfani da ita a nan shekara da shekaru. Birnin Kebbi tana da nata kaso a wannan tarihi: a shekarun 1920 wani malami Bature mai suna Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina, ya kawo wasan ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wanda Turawa ke kira Fives. Wasan ya kama ƙasa a Arewa, Sardauna Ahmadu Bello ya ƙware a kansa kuma bai bar shi ba har yana Firimiya. Abin lura shi ne wanda ya kawo wasan malami ne, waɗanda suka yaɗa shi kuma ɗalibansa ne da suka zama malamai da ma'aikatan En'e.

A 1957 aka buɗe sashen horar da malaman motsa jiki a kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello, sannan Jami'ar Nsukka ta soma bayar da digiri a fannin a farkon shekarun 1960. Amma babban yunƙuri sai bayan yaƙin basasa, lokacin da gwamnatin Janar Gowon ta ga wasa hanya ce ta ɗinke ɓarakar ƙasa. Aka kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a 1971, Legas ta karɓi gasar wasannin Afirka a 1973, a shekarar kuma aka fara bikin wasanni na ƙasa da jihohi ke karawa. A 1974 aka soma Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa a Surulere domin horar da masu horarwa da masu tafiyar da harkar. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 suka sa ana neman malamai ido rufe, kuma duk ɗalibin makarantar horon malamai ta wancan zamani sai ya koyi yadda ake fitar da yara fili. Da aka daina waɗannan makarantu, takardar NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, sai nauyin ya koma kan kwalejojin ilimi, waɗanda aka kafa wa hukumar kula ta ƙasa a 1989. Kebbi ta zama jiha a 1991, Zamfara a 1996, kwalejoji irin ta Adamu Augie da ke Argungu da ta Maru suka gaji aikin samar wa jihohin malamai.

Wanda ya duba abin da ake koyarwa a shekara ukun nan zai ga manufar a fili. Ana karanta ƙirar jikin ɗan Adam da yadda tsoka da zuciya da huhu suke aiki idan an motsa, da taimakon gaggawa, da dokokin wasanni, da yadda ake shirya gasa tun daga auna fili har zuwa rabon kyauta, da tsabta da abinci mai gina jiki, sannan a tura ɗalibi makaranta ya yi gwajin koyarwa. Wannan karatu ne na mai riƙe usur, ba na mai buga ƙwallo ba.

Ruɗanin samarinmu daga Amurka ya samo asali, inda jami'a ce kanta ke renon ɗan wasa, ta biya masa kuɗin karatu saboda gudunsa ko tsayinsa. Ta wannan ƙofa Hakeem Olajuwon ya bar Legas ya tafi Jami'ar Houston, ta ita Tobi Amusan ta je jami'ar Texas da ke El Paso kafin ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022. Mu ma muna da gasar jami'o'i ta NUGA tun 1966, da NICEGA ta kwalejojin ilimi, da NIPOGA ta kwalejojin fasaha, sai dai gasa ce ta 'yan kwanaki, ba tsarin reno ba. 'Yan wasanmu da suka yi suna ta wasu hanyoyi suka bi. Shehu Abdullahi na Sakkwato, wanda ya ci tagulla a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ta kulob-kulob na cikin gida ya hau, Chioma Ajunwa kuwa 'yar sanda ce lokacin da ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Ga kuma batun shekaru, domin gasar matasa ta ƙasa da aka fara a 2013 ta 'yan ƙasa da shekara 15 ce, ke nan wanda ya shiga kwaleji yana ɗan ashirin, lokacin da za a gano shi a matsayin ɗan wasa ya kusa wucewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai tanƙwarawar kuwa shi ne wanda kwaleji take fitarwa.

Na ga irin wannan mutum da idona. A makarantar kwanan da na yi, idan gasar gidaje ta matso, malaminmu na wasanni yakan tashe mu bayan sallar asuba cikin sanyin hunturu, ya kafa turke a tsakiyar fili, ya ɗaura igiya, mu kuma mu bi bayansa da bokitin toka muna zuba layi har da'irar mita 400 ta fito. Yana da littafi mai baƙin bango da yake rubuta lokacin kowane yaro, kuma daga cikin littafin nan ake zaɓen waɗanda za su wakilci makaranta. Shekarun baya na koma, na tarar an gina ajujuwa a rabin filin, sauran rabin an shuka gero, darasin motsa jiki kuma malamin wani fanni ne yake rubuta shi a allo yara suna kwafa. Wannan ne ya fi damuna a duk al'amarin, domin kwaleji tana ci gaba da yaye masu takarda, amma filin da za su yi aiki a kai yana ƙarewa. Rashin tsaro ya ƙara dagula lissafi, don bayan sace ɗalibai a Jangebe da Birnin Yawuri a 2021 an rufe makarantun kwana da dama na tsawon lokaci, alhali su ne masu manyan filaye da lokacin wasan yamma.

Duk da haka aikin yana nan, kuma ya fi yadda uban nan yake zato. Mai NCE ko digiri a wannan fanni yana iya koyarwa, yana iya shiga ma'aikatar wasanni ta jiha, yana iya ƙarawa da kwas ɗin Surulere ko lasisin horarwa na hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka mai matakai daban-daban, yana iya zama alƙalin wasa, sojoji da 'yan sanda da kwastan kuma duk suna da sassan wasanni. Filin wasa na Haliru Abdu a Birnin Kebbi da na tunawa da Sardauna a Gusau suna buƙatar waɗanda suka san aikin kula da su. Makarantun 'yan mata suna buƙatar malamai mata, saboda iyaye da yawa a nan ba za su yarda namiji ya horar da 'ya'yansu mata ba, kuma ina ganin wannan ƙofa ce da ba a kula da ita yadda ya kamata ba.

Inda na fi ganin an yi sake shi ne wasanninmu na gado. Kokawa da dambe da langa sun daɗe da shiga bikin wasanni na ƙasa ana cin lambobi da su, dambe kuma ya sami 'yan kallo a YouTube har a ƙasashen waje, amma a yawancin gidajen dambe idan an kwantar da mutum ruwa kawai ake yayyafa masa, babu wanda ya karanta illar bugu a kai da zai ce kada ya sake shiga fage yau. Yaran da suka tashi a bakin kogin Matan Fada na Argungu sun iya ruwa tun kafin su iya karatu, sai dai da wuya ka sami wanda ya taɓa riƙe agogo ya auna musu mita 50 ya rubuta. Kwalejin ilimi tana cikin garin Argungu, kogin kuma yana gefen gari, tafiyar da ɗalibin sashen motsa jiki zai iya yi da agogonsa da littafinsa tsakanin la'asar da magariba.